Abin da Ke Ƙasan Tabkin Marke

Asabar, 5 ga Afrilu, da hantsi

Yau aka buɗe ƙofar madatsa. Ina cikin ban ruwa a wurin renon itatuwa na ji rugugin, sai na ajiye bokiti na tsaya. Madam Safina, shugabar ma'aikatan gandun dajinmu, ta faɗa mana tun makon jiya: bangon ya tsage tun ambaliyar bara, in ba a zubar da ruwan an gyara shi daga tushe ba, damina mai zuwa za ta tafi da shi, ta haɗa da gonakin da ke ƙasa. Na ji, na gyaɗa kai tare da kowa. Amma ji daban, gani daban.

Tabkin Marke zai ƙafe. Ni ban taɓa ganin ƙasansa ba. An kawo ni aure garin nan na tarar da shi cike, bado a kansa, dinya da kirinjijiya suna ta surutunsu.

Kowa ya san abin da ke raina, shi ya sa babu mai haɗa ido da ni. Maigidana shi ne mai gadin madatsar. A safiyar da ta tsage, cikin Agusta, aka tsinci takalmansa a kan bango, gefen ƙarfen buɗe ƙofa. Shi kuwa har yau. Wasu sun ce ƙofar ce ta cije, ya shiga ya sake ta, ruwa ya fi ƙarfinsa. Wasu sun ce makara ya yi, ruwan da ya ɓalle ya kwashe geron mutane, kunya ta kore shi. Har wani direba ya rantse ya gan shi a tashar Maraɗi yana hawa motar Agadas. An bi rafi har fadama a lokacin, ba a ga komai ba. Tabkin kaɗai ne ba a iya dubawa ba, saboda zurfinsa.

Tun lokacin ni ba matar aure ba, ni ba mai takaba ba.

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan la'asar

Ruwa ya ja baya, ya bar baƙar laka zagaye da shi. Sai da na tattare zane na shiga kafin bokitina ya cika.

Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba. Kullum in na tsoma bokitin farko nakan ce ina kwana. Daga nan in ba da labarin gida a hankali: akuya ta haifi biyu, Inna ta kwana tari, ɗiyarmu Hafsat ta yi giɓi tana ta ɓoye baki. Ruwa ba ya amsawa, amma yana saurare. Maigidana ma dama haka yake, in kina magana sai ya yi ta kallon nesa, sai bayan kwana biyu ya ba ki amsa kin ma manta tambayar.

Yau na ce masa ana zuwa.

Laraba, 9 ga Afrilu, bayan magariba

An yi cacar baki a kan tuwo. Zakariyya, ƙanen maigida, shi ya taso da maganar. Ya ce in ruwa ya ƙafe gaskiya za ta fito, masu cewa wansa ya gudu za su ji kunya.

Inna, mahaifiyarsu, ta ajiye loma. "Wace gaskiya? Ɗana ba shi cikin ruwa. Sulaimanu da ya iya iyo tun bai iya hyace majina ba?"

"Inna, gara a ce ruwa ya ci shi bisa aikinai da a riƙa nuna mu da baki cikin kasuwa."

"Kai ka san gara. Ni na haihe shi."

Daga nan duk suka juyo gare ni, kamar ni ce alƙali. Na ce miya ta yi sanyi, na tashi da tukunya.

Da can Zakariyya "matata" yake kirana. Ya shigo ya buɗe kwano ya ce miyata ruwan wanki ce, in ce ya je ya auro tasa mu gani, in bi shi da muciya. Tun Agusta ya daina. Yanzu "Lubabatu" yake cewa, cikakke, kamar ana kiran suna a lakol, makarantar boko. Na fi jin zafin wannan a kan maganar kasuwa.

Jumma'a, 11 ga Afrilu, da azahar

Zalɓe ɗaya tsaye a ruwa tun safe. Ni ma.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da yamma

Tabki ya fara amayo abin da ya haɗiye. Da farko kututtura ne, baƙaƙe, a jere. Sai wani turmi a kife. Sai garma. Tsofaffin gari suka fito da sanduna suna nuna wa juna: nan gonar wane take kafin a datse ruwa, nan gawon da ake hutawa, ga hanyar da ake bi zuwa Gidan Rumji, har yanzu ana ganin kwanciyarta cikin laka. Wata tsohuwa ta ce turmin na kakarta ne, wata ta ce ƙarya take, na tata kakar ne. Suka yi ta yi a kan turmin da ko kaza ba za ta sha ruwa a ciki ba. Na yi dariya, har na ji mamakin kaina.

Sai yara suka taso a guje daga wajen bango suna ihu, an ga abu, an ga abu.

Ban san lokacin da na zauna ba. Ƙasa ta yi nisa, muryoyi suka yi nisa, na ga bakin mutane na motsi kawai.

Tsohuwar tayar kamyo ce, babbar motar kaya.

Talata, 15 ga Afrilu, bayan asuba

Ya zo mini a mafarki. Ya shigo tsakar gida jiƙe sharkaf, bado maƙale a kafaɗarsa, ya zauna a tabarma kamar wanda ya dawo daga gona. Ruwa na bin ƙafarsa har ƙofar ɗaki. Na ce masa ina ka shiga haka. Ya ce, Luba, ba ni ruwa in sha. Na ce kai da ka fito daga ruwa? Muka yi ta dariya. Na tashi in ɗebo masa a randa, na juyo, sai tabarma da danshi.

Na farka ban ji tsoro ba. Daɗi ma na ji, har na yi jinkirin tashi.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da la'asar

Kifi ya rasa wurin gudu. Madam Safina ta ce a kama, ya fi a bar shi ya ruɓe, amma ƙananan a zuba su a tano, gangar ƙarfe, a kai can tsakiya inda ruwa ke da zurfi. Gari duk ya watse cikin laka, maza da mata, da koma da ƙwarya da hannu. Ko'ina hayaƙin banda. Rabon da in ga garin nan cikin nishaɗi haka tun kafin ambaliya.

Zakariyya ya kawo tarwaɗa manya, masu ƙiba har suna ƙyalli. Na gyara, na dafa, na zuba wa kowa. Da na kai hannu sai na tsaya ina kallon ƙibar tasu. Me suka ci duk watannin nan?

Inna ta gani. Ba abin da ke wuce ta. "Ci," ta ce. "Kihi ne. Kihi kawai."

Na ce cikina ne ba daɗi.

"Na ce ki ci, Luba."

Na gutsura na sa a baki don ta bar ni. Da na je kwashe kwanoni na tarar nata ko taɓawa ba ta yi ba, ta rufe shi da faifai.

Asabar, 19 ga Afrilu, da hantsi

Sawun barewa ya ƙara nisa cikin laka. Da can a bakin ciyawa suke sha su juya. Yanzu sai sun ratsa fili, kuma ga sawun dila a bayan nasu. Gauraka sun tashi jiya, ban ga inda suka nufa ba.

Lami mai nono ta tsaya wurina ta sauke ƙwarya. Mutanenta suna mashekari bayan gandu, kuma rijiyar da aka ce su shayar da shanu ta yi musu nisa. Ta yi ta faɗa, ta zagi madatsa, ta zagi wanda ya gina ta. Da ta gaji ta dube ni ta ce, "Ke kuma kin rame." Na ce zafi ne. Ta ce su in saniya ta ɓace, sai sun ga fata suke daina kira.

Ta ba ni nono a ludayi ba ta karɓi komai ba. Dashen bagaruwa sun fara sunkuyar da kai, ruwan da nake ba su rabinsa laka ne.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan la'asar

An rufe ƙofar madatsa. Gindin bango ya bushe, masu gyara sun sauke siminti da duwatsu, tsagar tana nan a fili, mutum zai iya zura hannu har kafaɗa. Ruwa ya rage a wuri guda, can tsakiya, inda ake kira Gurbin Kada. Kore ne, shiru, girmansa bai wuce filin idi ba.

Madam Safina ta ce iyakar ke nan. Gurbin ba za a taɓa shi ba, shi ne abin shan namun daji har ruwa ya sauka, kuma kadoji da kififfiya da irin kifin baɗi duk suna ciki.

Zakariyya ya yi tsalle ya dire. Ya ce a kawo injin ban ruwa a zuƙe shi, yini ɗaya ya isa. "Kada ya hi ɗan'uwana daraja?"

Ta ce, "Ban ce ba, Zakariyya. Amma in na zuƙe shi, abin da ke da rai duk ya mutu, kuma wanda kake nema ba zai tashi ba."

Ya juya ya tafi yana share fuska da hula. An duba duk inda ya bushe, taku bayan taku. Ba a ga komai ba. In yana nan, to a gurbin yake.

Laraba, 23 ga Afrilu, da hantsi

Madam ta same ni cikin dashe, ta cire hular aikinta ta tsuguna tana taya ni cire ciyawa, aikin da ba nata ba. Can ta ce, "Kowa na ji abin da yake so. Ke fa, Luba? Me kike so?"

Na buɗe baki. Na ce ina son a kawo mana ruwa mai kyau saboda bagaruwa.

Ta dube ni. Ta ce za a kawo.

Jumma'a, 25 ga Afrilu, da azahar

Zafi. Gurbin yana rawa daga nesa, wani lokaci sai in ga kamar mutum tsaye a bakinsa. In na matsa, kututture ne.

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan la'asar

Kawu Ɗan Bala ya zo gida. Shi ne sarkin ruwanmu, ya tsufa har gira ta yi fari, amma tafin ƙafarsa kamar faifai. Ya ce sun yi magana da Madam. Ba za a zuƙe ruwa ba, lalube za a yi, irin na kakanni: masunta su jeru kafaɗa da kafaɗa, kowa rungume da gorarsa, su ratsa gurbin a hankali suna taɓa ƙasa da ƙafa. Inda ƙafa ta kasa, a nutse da hannu. Kadoji sun shige ramukansu na gaɓa saboda zafi, in ana buga gora ba za su fito ba.

"Amma ba a lalube sai mai hakki ta ce a yi," in ji shi. "Haka munka tarar. Ba uwa ba, ba ɗan'uwa ba. Matar."

Inna ta ce, "Ba ta so. Ku bar mini yarinya."

Zakariyya ya ce, "Tana so."

Kawu bai dubi ko ɗayansu ba. "Ɗiyata, abin da ƙahwa ta taɓa ba a maida shi. Wanda kuma ba ta taɓa ba, shi ma ba a maida shi. Ki yi tunani."

Na dubi Hafsat tana wasa da gwangwani a bakin murhu. Rashin sani ya fi dare duhu, na gaji da shi. Na ce a yi.

Inna ta shige ɗaki ta saki labule. Ba ta amsa sallamata ba da na kai mata fura.

Talata, 29 ga Afrilu, da yamma

Na tsefe kaina. Na fiddo tsohon zanen nan mai duhu daga ƙasan akwati na wanke, na shanya bayan ɗaki inda ba a gani. Ban ce don komai ba ne. Zane ne, ya daɗe ba a wanke ba.

Na je bakin gurbi da bokiti, ko da yake yanzu da tano ake kawo mana ruwa. Na ce masa jibi ne. Na ce kada ya ji kunya, kowa zai san a kan aikinsa ya tsaya. Na ce na zaɓa masa wuri kusa da kabarin Baba, mahaifinsu, ƙarƙashin aduwa. Wata kififfiya ta ɗago kai ta dube ni ta koma.

Alhamis, 1 ga Mayu, bayan azahar

An yi.

Tun rana ba ta yi zafi ba gari ya taru. Mata a gefe guda, an shimfiɗa mini tabarma a gaba, abin da ban so ba. Liman ya zo, da farin ƙyalle naɗe a hammata, yana ƙoƙarin kada in gani. Inna ta ce ba za ta zo ba, sai ga ta can baya riƙe da sanda.

Kawu ya yi bisimilla, ya ɗebi ruwan ya shafa a fuska, ya yi wa gurbin magana ƙasa-ƙasa kamar mai neman izinin shiga gidan surukai. Suka shiga. Gora na ƙara, dum, dum, a hankali. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai wuya, sai kawuna kawai da goruna suna tafiya a jere. Babu mai tari. Belbelu suka tashi suka yi ta kewaya sama. Na ji kamar duk wannan na taɓa ganinsa, kamar ina kwance ne ina mafarkinsa, in na motsa zai watse.

A tsakiya wani ya ɗaga hannu. Layi ya tsaya. Ya nutse, ya daɗe, ya fito da abu fari a hannu biyu. Wata a bayana ta ce innalillahi. Ni kuwa wani sanyi ya sauko mini tun daga ka har ƙafa, na ce a raina, to, ga ka nan. Sannu da zuwa.

Ya juya shi, sai ga ƙaho. Ƙoƙon kan bijimi ne.

Suka kai gaɓa, suka juyo ta wata fuskar. Suka sake ratsawa gicciye. Zakariyya ya roƙa aka ƙara, shi ma ya shiga da rigarsa. Sun fito da tulu, da sarƙar jirgi, da ƙashin jaki. Rana ta take tsaka.

Kawu ya fito laka har gemu, ya zo ya tsuguna gabana yana haki. Ya ce, "Ɗiyata, ko allura anka yar cikin gurbin ga da mun taka ta. Ba shi ciki."

Na ce ko kada.

"Kada ba ya cinye mutum duka. Ba shi ciki, Luba. Bai taɓa shiga ba."

Sai na ji guɗa. Inna ce. Ta yar da sanda, tana guɗa da muryar da ban san tana da ita ba, tana cewa ɗana na da rai, na hwaɗa muku, na hwaɗa muku. Mata suka kama. Aka rungume ni ta ko'ina. Zakariyya yana zaune cikin laka, kansa tsakanin gwiwoyi.

Jumma'a, 2 ga Mayu

Ban fita ba.

Asabar, 3 ga Mayu, da la'asar

Tun safe ake shigowa yi mini barka. Barka, Luba, mijinki na raye. Ina cewa barka kadai. Bakina ya iya, shi kaɗai yake yi.

A nan dai zan faɗa, tunda takarda ba ta da baki. Na so a same shi. Allah Ya gafarta mini, na so. Da an same shi, da mutum ne wanda ya fita da asuba zuwa aikinsa, ruwa ya hana shi dawowa wurina. Yanzu kuwa mutum ne wanda ya tsaya a kan bango, ya yi tunani, ya tafi da ƙafarsa. Ya wuce ta bayan gidanmu, don babu wata hanyar zuwa titi. Muna ciki ni da Hafsat. Bai ƙwanƙwasa ba.

Na san kunya tana da nauyi. Da ya faɗa mini, da mun ɗauka tare, ko Agadas ɗin ce da na bi shi. Wayar salula ta cika duniya, ko ta aro ce da ya kira ni.

Duk safiyar nan da na yi ina gaishe da ruwa, ina ba shi labarin akuya. Ashe da kififfiya nake hira.

Talata, 6 ga Mayu, da hantsi

Na koma aiki. Bango ya kusa haɗewa, sabon siminti fari a jikin tsoho. Gabas ta fara tara hadari da yamma, masu gyara suna ta sauri. Na wuce gurbin ban tsaya ba. Ruwa ne kore, yana wari.

A hanyar dawowa na bi ta wurin liman. Na tambaye shi ta bayan zana abin da shari'a ta ce game da matar da mijinta ke raye, ya tafi ba ci ba sha ba labari. Ya ce akwai hanya, amma sai gaban alƙali a Gidan Rumji, kuma ba abu ne na yini ɗaya ba. Ya ce in yi haƙuri in ƙara tunani. Na ce na yi tunani, Malam, tabki guda na yi.

Litinin zan je. Zakariyya kaɗai na faɗa wa. Sai da ya kai ƙofa ya ce shi zai kai ni a babur.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan la'asar

Inna ta warke. Tarin ma ya tafi. Ta share ɗakinsa, ta shanya rigunansa, ta ce mutum in ya ji ƙamshin ruwan farko duk inda yake gida yake tunawa, kafin shuka zai shigo. Sau biyu na buɗe baki in faɗa mata maganar Litinin.

Ɗazu ta kira ni inuwar ɗaki. Ta kwaɓa lalle da kanta, ta tace shi sumul, ta yanka ƙyallaye.

"Zo nan. Ɗana ba ya dawowa ya ishe ki haka kamar mai takaba. Miƙo."

Na tsaya. Ta ɗago tana murmushi, bakin nan ba haƙori, lallen a hannunta. Tsohuwar nan ita ta riƙe ni ranar da na haihu.

Na zauna na miƙa mata. Ta shafa a hankali, yatsa bayan yatsa, tana 'yar waƙa a maƙogwaro. Da hawayena ya ɗiga a kan hannunta ta ce, "Yi kukanki, ɗiyata. Daɗi ma shina sa kuka."

Ya kama sosai. Da ƙyar nake riƙe alƙalami. Jibi da wannan jan hannun zan tsaya gaban alƙali in ce a raba ni da ɗanta.